Wuƙa Ɗaya Gida Biyu Take Yanka

Akwai wata tambaya wadda iyaye da malamai suka daɗe suna jayayya a kanta a ƙasar Hausa, tun ran da aka fara haska hoto mai motsi a jikin bango, har yau kuwa ba a rabu da ita ba. Tambayar ita ce, ko ya dace mutanen kirki su zauna su kalli wasan da aka shirya a kan fashi da kisan kai da satar mutane? Waɗansu sun ce irin wannan wasa makarantar ɓarayi ce. Waɗansu kuwa sun ce wa'azi ne, gama wanda ya ga ƙarshen mugu zai ji tsoron bin hanyarsa. Kowane ɓangare yana da hujja, amma dukansu biyu mai laifin kaɗai suke duba, sun manta da gidan da ya fito da kuma gidan da ya shiga da makami. Abin da za a gwada nunawa a nan shi ne, idan za a auna irin wannan wasa, to, a bar ƙidayar jinin da aka zubar a ciki, a duba ko mai shirya shi ya raka gawa har gida ko kuwa a kan hanya ya bar ta.

Don kada maganar ta zama ta iska, ya kamata a ɗaura ta a kan wani wuri sananne. A ɗauki Dogarawa, unguwar nan ta ƙasar Sabon Garin Zariya da ke bakin hanyar Kano. Sabon Gari dai jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan da hanyar dogo ta iso Zariya a 1911, Samaru kuwa gonar gwaji ta gwamnati ce ta fara raya ta, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta cika ta da baƙi. Mutanen da ke zaune a unguwannin da ke tsakanin nan galibinsu masu fita da safe ne su dawo da dare, watau 'yan kasuwa, da direbobi, da makanikai, da leburori, da ƙananan ma'aikata. Maigida ba ya wuni a gida. Yara kuwa, in an tashi daga makarantar allo da ta boko, akwai sauran lokaci mai yawa a hannunsu, mafi yawansa kuwa kallo ne yake cinye shi. Saboda haka tambayar da aka fara da ita ta shafi kowane gida a can, ko an yi ta a fili ko ba a yi ba.

Kallon nan ya sake kama sau da yawa. A zamanin Turawa motar majigi ce take zuwa ƙofar fada ko filin makaranta, a kafa farin ƙyalle, a nuna wa jama'a yadda ake tsabta da noman auduga da biyan haraji, mai bayani yana tsaye yana fassara. Banda wannan akwai silima ta kuɗi, wadda aka fara ginawa a sababbin garuruwa, kamar Rex ta Kano da aka buɗe a 1937, inda ake nuna finafinan Amurka da na Ingila, daga baya na Indiya suka rinjaye su duka. A lokacin nan ɗan mutunci ba ya so a gan shi a ƙofar silima, matan aure kuwa ba a ko maganarsu. Da kaset na bidiyo ya zo, sai kallo ya tsallake zaure ya shiga ɗaki. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake lissafa shi farkon finafinan Hausa na bidiyo. Yau kuwa silimar tana cikin aljihu, a wayar hannu, yaro yana iya kallon kisa goma a kan tabarmarsa mahaifinsa yana barci a ɗaki na kusa. Dā ana iya cewa kada ka je, yanzu babu wurin da za a hana zuwa.

Masu neman a hana suna da magana mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Sun ce ido ba ya gani ya manta, kuma yaro da kwaikwayo yake koyon kome, tun daga magana har salla. In ya ga yadda ake tare hanya, da yadda ake buga waya a nemi kuɗin fansa, da yadda ɗan fashi yake shiga mota mai tsada mutane suna ba shi hanya, an ba shi darasi ke nan ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba. A kan wannan hujja ce hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ba da sanarwa a watan Satumba na 2021 cewa ta hana nuna satar mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Hausa. Zariya ba ƙarƙashin Kano take ba, amma tun da yake mafi yawan finafinan Hausa da ake kallo a Dogarawa daga Kano suke fitowa, hukuncin ya shafe ta. Ba kuwa Hausawa ne suka fara wannan dabara ba. Masu silima na Amurka sun rubuta wa kansu doka a 1930, suka tsananta ta daga 1934 har zuwa 1968, wadda ta ce kada a nuna dabarun aikata laifi filla-filla, kada kuma a bar mai laifi ya ci riba a ƙarshen wasa.

Masu cewa wa'azi ne su kuma ga tasu hujjar. Sun ce ai kullum bos mutuwa yake yi a ƙarshe, ko a kama shi a ɗaure, saboda haka yaro ya ga alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. To, amma a nan akwai abin dubawa. In an shafe sa'a biyu ana nuna mutum cikin daula, da mata, da bindiga, da yara masu durƙusa masa, sa'an nan a kashe shi cikin minti biyar na ƙarshe, wanne ne zai zauna a zuciyar ɗan shekara goma sha biyar, sa'a biyun ko minti biyar ɗin? Mutuwar ma galibi ta jarumta ce, ana kiɗa ana jinjina. Yaron da ba shi da aikin yi, wanda bai taɓa riƙe dubu goma tasa ta kansa ba, yana iya cewa a ransa cinikin bai yi tsada ba. Mutuwar bos kaɗai ba ta isa ta mai da wasa wa'azi ba.

Inda ɓangarorin biyu suka yi tarayya cikin kuskure shi ne, dukansu sun ɗauka labarin kisa labarin mutum biyu ne, mai wuƙa da wanda aka soka. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a gidan da aka kashe musu mutum ya san ba haka abin yake ba. A ɗauka misali an tare wani magidanci da dare yana dawowa daga kasuwar Sabon Gari, aka soke shi saboda babur ko waya. A silima, nan da nan sai hoto ya juya wani wuri. A duniya kuwa yanzu aka fara. Za a ɗauko shi, a yi masa wanka da rauni a jikinsa, a sa shi a makara. Matarsa za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. In an yi sadakar bakwai baƙi suka watse, sai mai gidan haya ya aiko. Sai a raba yara, wannan a kai shi wurin kawu, waccan wurin gwaggo, babban a cire shi daga makaranta a kai shi gareji. Tsohuwar da yake ciyarwa a ƙauye ba za ta ƙara ganin buhun masara ba. Ƙaramin da aka bari a goye zai girma bai san uba ba sai a hoto, amma zai san sunan wanda ake zargi, domin za a riƙa faɗa masa.

Satar mutane kuwa ta fi wannan jan rai, gama mutuwa tana da ranar da za a yi kuka a gama, amma wanda aka tafi da nasa daji ba shi da takaba ba shi da sauƙi. Mutanen Jihar Kaduna ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa. Ran 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe waɗansu aka tafi da waɗansu, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Wata shida da ɗoriya ke nan iyalansu suna kwana da waya a ƙarƙashin matashi. A ƙauyuka kuwa sau nawa aka sayar da gona da shanun noma don a fanso mutum ɗaya, ya dawo ya tarar gidan da ya bari ya talauce saboda shi, 'yan'uwa kuma sun ɓata da juna a kan wanda ya bayar da wanda ya noƙe.

Wannan gida ɗaya ke nan. Akwai na biyu, wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau gidan mai laifin. Shi ma uwa ce ta haife shi, aka yanka masa rago, aka raɗa masa suna. Ran da aka kama shi, mahaifinsa zai daina zama a majalisar ƙofar masallaci, ko da ba wanda ya kore shi. Uwarsa za ta daina zuwa biki da suna. Ƙanwarsa da aka kawo wa kuɗin gaisuwa, sai a aiko a ce a dakata tukuna, ba kuwa za a sake dawowa ba. Abin da aka tara za a kai wa lauya, a yi shekaru ana jigilar tuwo zuwa gidan yari. In yana da 'ya'ya, yaran unguwa za su sa musu sunan da ba za su rabu da shi ba har su yi furfura. Waɗannan mutane ba su soki kowa ba, amma wuƙar ta same su.

Shari'ar Musulunci ta riga kowa ganin wannan, shi ya sa ta ɗauki kisa a kan al'amari ne tsakanin dangi biyu. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa suke bi, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala, in an kashe mutum da gangan waliyyansa ne suke da hakkin neman ƙisasi a gaban alƙali, su ne kuma suke da ikon yafewa. In kisan na kuskure ne sai diyya, raƙumi ɗari, ko dinari dubu, ko dirhami dubu goma sha biyu, ba kuwa mai kisan kaɗai ne zai biya ba, danginsa na wajen uba ne za su haɗa cikin shekara uku. Wanda ya kashe magabacinsa da gangan ba ya cin gadonsa. Kisan gilla kuwa, watau a yaudari mutum a kashe shi don abin hannunsa, babu yafewa a cikinsa. Kowane ɗaya daga hukuncin nan in an dube shi, za a ga gida ake dubawa: wa ya yi hasara, wa zai biya, wa zai ci gado, wa zai iya cewa ya yafe. Da aka zartar da dokar Final Kod a Jihar Arewa a 1959, ta fara aiki a 1960, sai kisa ya zama ƙara tsakanin gwamnati da wanda ake tuhuma. Wannan ya kawo tsari ɗaya ga kowa, amma ya mai da iyalin mamaci 'yan kallo a bayan kotu. Silima ta zamani irin wannan kallon take yi wa kisa, ɗan sanda da ɓarawo take bi, mai takaba tana can ba a sa ta a hoto ba.

Ko labarin kisa na farko da aka yi a bayan ƙasa, wanda ya zo a Suratul Ma'ida, a cikin gida ɗaya ya auku, tsakanin 'ya'yan Annabi Adamu biyu, waɗanda malaman tafsiri suke kira Habila da Ƙabila. Abin lura shi ne labarin bai tsaya a kan bugun ba. Ya ci gaba ya nuna mai kisan tsaye da gawar ɗan'uwansa bai san yadda zai yi da ita ba, har hankaka ya zo ya nuna masa tonon ƙasa, ya wayi gari cikin masu nadama. Ba a ɓoye kisan ba, ba a kuma ƙawata shi ba, an dai bi shi har inda ya kai. Wanda yake neman ma'aunin da zai auna wasan kwaikwayo da shi, ga shi nan tun a allo.

Akwai finafinan da suka cika wannan ma'auni, za a kawo uku daga ƙasashe uku. Na farko na gida ne, Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin zamanin harin bayi ne. An yi wa mijin uwar Umar sharri a fada aka kore shi daga gari, sa'an nan wani ya sace yaron yana ƙarami, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har wani Balarabe ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Mai gaggawa zai ce ashe satar ta zama alheri. Amma labarin bai yarda a faɗi haka ba, domin ya koma ya bi uwar. Ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka bautar, aka ja ta cikin hamada, ba ta sadu da ɗanta ba sai da wahala ta gama cinye ta, ta rasu ba da daɗewa ba. Wanda ya kalli wannan ba ya fita yana sha'awar ɓarawon yaro, ko sunansa ma ba ya riƙewa. Uwar yake tunawa.

Na biyu shi ne Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, yana kuwa cikin finafinan Indiya da Hausawa suka fi daɗewa suna kallo. Wata mace ce mai bashi ya danne gidanta da riba, dutse ya murƙushe hannuwan mijinta a gona, kunya ta sa ya bar gida, ta yi noma da kanta ta rena 'ya'yanta. Ɗayansu, Birju, ya girma da ƙullin mai bashin nan a zuciya, ya shiga daji ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe shi, ya ɗauke 'yarsa ran aurenta. Duk mai kallo ya san an zalunci Birju, zuciya kuma tana tare da shi. Amma uwar da ta sha wahala dominsa ita ce ta ɗauki bindiga ta harbe shi, ya mutu a hannunta. Zaluncin mai bashi ya fara da gona, ya ƙare da uwa ta kashe ɗanta, fim ɗin kuwa bai tsallake mataki ko ɗaya a tsakani ba.

Na uku na Amurka ne, The Godfather, wanda Francis Ford Coppola ya shirya a 1972, a kan wani gidan 'yan ta'adda na birnin Niyok. Ƙaramin ɗan gidan, Maikel, ya dawo daga yaƙi da niyyar ba zai shiga sana'ar ubansa ba. Da aka harbi uban, sai ya kashe mutum biyu don ya kare gida. Daga nan aka kashe wansa, aka kashe matarsa ta fari a tsibirin Sisili, shi kuma ya sa aka kashe mijin ƙanwarsa, ya dubi matarsa ta biyu ya yi mata ƙarya a kan haka. A kashi na biyu, wanda ya fito a 1974, ya sa aka kashe ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya. Kowane kisa da ya yi, cewa yake don iyali ne, har ya wayi gari yana zaune shi kaɗai babu iyalin. Wannan fim yana da jini da yawa, ba na yara ba ne, amma bai yi ƙarya a kan abin da jini yake jawowa ba.

Daga nan sai maganar ramuwa, wadda ita ce ginshiƙin mafi yawan finafinan faɗa, na Indiya da na Sin da na gida. An kashe uban jarumi yana yaro, ya girma, ya bi su ɗaya ɗaya ya gama da su, 'yan kallo suna tafi. Daɗin da ake ji a nan ba na banza ba ne, domin zuciyar ɗan Adam tana ƙin zalunci, musamman a wurin da mutane suka ga an kama mai laifi da safe an sake shi da yamma. Amma yaran bos ɗin nan ashirin da jarumi ya zubar a hanya, kowannensu ɗan wani ne, watakila uban wani. In za a yi gaskiya, kowane ɗaya ya bar yaron da zai girma ya zama jarumin wani fim ɗin. Shari'a da ta ba da ƙisasi ba ta miƙa wa ɗan mamaci wuƙa ba, ta ce ya je gaban alƙali, rai ɗaya kuma a kan rai ɗaya, sa'an nan ta yaba wa wanda ya yafe. Hikimar ita ce a sa wa jini iyaka. Marubutan Zariya sun gane wannan tun da wuri. A cikin littattafan farko da ofishin talifi na Zariya ya buga bayan gasar 1933 akwai Jiki Magayi, na John Tafida da R. M. East, inda wani attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya, saurayin ya rama ta kan ɗan da aka haifa, Kyauta, yaron ya lalace ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Wanda ya fi kowa shan wuyar ramuwar nan shi ne yaron da ba a ko haife shi ba lokacin da aka yi laifin.

Mai karatu yana iya kawo suka iri biyu a nan. Na farko, ya ce talaka ya wuni yana wahala, da dare yana son abin da zai ɗebe masa kewa, don me za a kawo masa zaman makoki? Amsa ita ce ba a ce kowane wasa ya zama na kuka ba. Ga na ban dariya nan, ga na soyayya, ba wanda ya hana. Amma wanda ya zaɓi ya sayar da kisa, to, ya sayar da shi da nauyinsa, kamar yadda ba a yarda mahauci ya cire ƙashi daga awo ya ce tsoka zalla ce dabbar take da ita. Kuma finafinai ukun nan da aka ambata ba wanda ya ce ba su da daɗin kallo, shekarunsu nawa ana neman su. Suka na biyu ya fi ƙarfi, watau a ce yaro mai mugun nufi zai tsinci dabarar ya bar darasin, ko da an nuna masa uwa tana kuka. Wannan gaskiya ne, har a Amurka an sami 'yan ta'adda masu sha'awar The Godfather suna kwaikwayon maganar mutanen ciki. Babu wasan da zai shiryar da wanda ya riga ya ƙudura. Amma irin wannan yaro ɗaya ne cikin masu yawa. Sauran, waɗanda ba su karkata ko'ina ba tukuna, su ne abin ji, su kuwa abin da aka saba nuna musu shi zai zama musu daidai. In sun saba ganin mutum ya faɗi an wuce, ran da aka soki wani a bakin titi za su ciro waya su ɗauki hoto. In sun saba ganin abin da ke biyo baya, akwai fatan hannunsu zai yi nauyi.

Saboda haka hani na gaba ɗaya bai kai ga tushen cutar ba. Yana ɗaure hannun mai shirya fim na gida, wanda ya san takaba da zaman makoki da kunyar unguwa, alhali kuwa na ƙetare yana shigowa ta waya ba mai tace shi. Kuma al'ummar da ake sace wa mutane, in an ce kada ta ba da labarin abin da yake damunta, ba a rage satar ba, an dai bar waɗanda abin ya shafa su kaɗai da baƙin cikinsu. Abin da ya fi shi ne masu tacewa su riƙa tambaya uku. Shin an nuna dabarar laifi har ta zama darasi ga mai son koyo? In haka ne a yanke wurin. Shin wanda aka kashe an ba shi suna da gida da masu kuka, ko kuwa an jefar da shi kamar buhu? Shin an nuna abin da ya sami gidan mai laifin? Wasan da ya amsa biyun ƙarshe da kyau ya cancanci a bar shi, a dai sa masa iyakar shekarun masu kallo.

Sauran aikin na masu gida ne, gama hukuma ba ta kwana a ɗakin kowa. Magidancin Dogarawa da ya dawo a gajiye ba zai iya bin kowace waya ba, in ya ce zai ƙwace kuwa, ta maƙwabci tana nan. Amma yana iya zama da yaransa wani dare su kalla tare, in an kashe wani a ciki ya tambaye su, wannan da ya faɗi, wa zai gaya wa uwarsa, wa zai biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta? Uwa ma tana iya yin haka, ita da ta fi kowa sanin gidajen unguwa da aka yi wa irin wannan rashi. Yaron da aka saba yi masa wannan tambaya zai riƙa yi wa kansa ita ko ba kowa a kusa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malaman makarantun allo da na boko su ma suna da rabo, domin labarin 'ya'yan Annabi Adamu yana hannunsu, ba sai sun nemo wani ba.

Allah ya tsare gidajen Musulmi da na maƙwabtansu daga wuƙar da ake zarewa da dare, ya ji ƙan waɗanda aka kashe ba da hakki ba, ya ba marayunsu mai riƙo, ya kuma shiryi masu shirya wasanni su faɗi gaskiya dukanta. Amin.